Wasiƙa zuwa ga aminina kan kircin ƙafafun Baba

Assalamu alaikum Malam Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya jikin Baba? Allah Ya ƙara sauƙi. Saƙonka ya iso, na ji daɗi da tsagewar ƙwaurinsa ta fara haɗewa, ƙaiƙayin ma ya lafa. Ka tambaya ko a daina shafe-shafen. Maganin likita kam za a daina idan kwanakinsa sun cika, amma man shafawa ba a daina shi.

Wannan kirci na bushewar fata ya fi kama waɗanda suka haura shekara 60, don maiƙon fata yana raguwa da tsufa. Damshinta sai ya riƙa fita, ta tsattsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Maganin likitan, wato sitiroid na shafawa, kumburi da ƙaiƙayi kawai yake kwantarwa, ba ya mayar da maiƙon. Shi ya sa da an ga sauƙi aka ajiye mai, ciwon yakan dawo, musamman lokacin sanyi da busasshiyar iska.

Maganin sitiroid, irin su hydrocortisone na kashi 1 cikin 100, yawanci mako 1 zuwa 2 ake shafawa, a inda ciwon yake kaɗai. Awonsa da yatsa ne: a matso shi daga kan manuniya zuwa gaɓar farko, wajen rabin giram ke nan, ya ishi wuri mai faɗin tafin hannu biyu. Kada a zarce kwanakin da likita ya ɗiba, kada kuma a sayo mai ƙarfi kamar clobetasol don ya fi saurin aiki. Fatar tsoho dama siririya ce. Maganin zai ƙara sirantar da ita, ta riƙa yagewa da ɗan gogawa kaɗan.

Wanka shi ne inda aka fi ɓata aiki. Ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, minti 5 zuwa 10, sau ɗaya a rana. A ajiye soso. Sabulu marar ƙamshi, shi ma a hammata da matsematsi da tafin ƙafa kawai, kada ya taɓa ƙwauri. In ya fito, a danna tawul a jiki, ba gogawa ba, a shafa mai cikin minti 3 tun fatar na da damshi. Mai kauri irin basilin ya fi mai ruwa-ruwa nesa ba kusa ba. A shafa aƙalla sau biyu a rana, ana bin kwanciyar gashi, don cuɗawa sama da ƙasa kan toshe ramukan gashi su yi ƙuraje. Idan bushewar ta game jiki, babba kan buƙaci giram 250 zuwa 500 na man a mako; gwangwanin da ya yi wata uku bai ƙare ba, ba a shafawa yadda ya kamata. A ɗebo da cokali mai tsabta, ba da yatsa ba, a kuma bar tazarar kamar minti 30 tsakaninsa da sitiroid. Man da ke da sinadarin yuriya yana da kyau, sai dai yana raɗaɗi a kan tsaga, a bari ta haɗe tukuna.

Abu biyu da ba a cika faɗa ba: basilin da ya jiƙa tufafi ko zanen gado yana sa su saurin kama wuta, wanki ma ba ya fitar da shi duka, don haka Baba ya nisanci wuta da taba, dama jin ɗumi dab da wuta ƙara busar da ƙwauri yake. Sannan mai yana sa santsi a banɗaki, kuma maganin ƙaiƙayi mai sa barci na iya jawo wa tsoho jiri da faɗuwa.

Ku koma wurin likita bayan mako 2 zuwa 4. Amma in wurin ya fara tsatsar ruwa ko mugunya, ya yi ɓawo rawaya, ko ƙafar ta kumbura ta yi zafi, ko zazzaɓi ya shigo, ƙwayar cuta ta shiga ta tsagar, ku tafi a ranar, balle in yana da ciwon suga. Ku tafi da duk magungunan da yake sha, domin masu sa fitsari da na rage kitsen jini suna busar da fata. Likita ne zai duba, kada ku tsayar da su da kanku. Idan kuma an bi komai amma ciwon ya ƙi ji, ko ya bazu a jiki tare da rama, a nemi gwajin jini: raunin tayirod (wata halitta ce a gaban wuya), ciwon ƙoda da ƙarancin sinadarin zinki a jiki duk suna kawo haka, wani jiƙon ma, ko da yake ba kasafai ba, ciwon daji ne a ɓoye.

Ciwon ba ya yaɗuwa, jikoki su zauna kusa da shi. Yawanci yana lafawa cikin 'yan makonni. Duhun da zai bari a wurin kan ɗauki watanni kafin ya washe, kada a sa masa man bilicin. A yanke masa farce, ya sa tufafin auduga, a kuma ƙara yawan shafawa tun kafin sanyi ya shigo.

Ka gaishe min da Baba da kyau, ka kuma sanar da ni abin da likita ya ce.

Naka,
Amininka