Wasiƙa ga Ɗiyata kan Littattafan da Suka Dace da Jikokina

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yata, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara duka, saƙonki ya iso, na kuma ga tambayarki game da littattafan da za ki nema wa jikokina. Tambayar ta faranta mini rai, domin iyaye da yawa sukan sha wahalar zaɓen makaranta, amma ba su cika duba abin da yaro yake karantawa idan ya dawo gida ba. Tunda yaranki ba sa'o'in juna ba ne, ga auta mai shekara biyu, ga na tsakiya mai shida, ga babbar da ta shiga sha ɗaya, kowannensu da irin nasa. Ma'aunin da nake so ki riƙe a kansu duka shi ne, littafin da ya dace da yaro shi ne wanda idan aka kai ƙarshensa zai ce a sake masa.

Kada ki ce auta ta yi ƙanƙanta. A 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci iyaye da su fara karanta wa 'ya'yansu tun suna jarirai, a 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a rana gaban waya ko talabijin, ta kuma fifita karatu da ba da labari. Ki nema mata littafi mai kaurin shafi kamar kwali, wanda zai jure ja da cizo, mai babban hoto guda a kowane shafi da kalmomi kaɗan masu maimaita kansu. Akwai wani ɗan littafi na Eric Carle mai suna The Very Hungry Caterpillar, wanda ya fito a 1969, an huda shafukansa domin yaro ya cusa yatsa a inda tsutsa ta bi, yana koyon ƙidaya da ranakun mako ba tare da ya san ana koya masa ba. Idan rubutun na Turanci ne, ki ba ta labarin da Hausa, domin muryarki da harshen da take ji a gida su ne za su shigar da ita. Za ki ga ta buɗe littafin daga baya, ta tsaya a hoto ɗaya tana nunawa da yatsa tana kallon fuskarki don ki faɗi sunansa karo na goma. Ki faɗa mata, domin karatunta ke nan a wannan shekarar.

A kan na tsakiya nake so in daɗe, saboda a shekarunsa ne yaro yake ƙaunar karatu ko ya tsane shi. Yanzu yana haɗa baƙi da wasali, yana fitar da kalma da ƙyar, don haka littattafai iri biyu yake bukata. Na farko mai sauƙi wanda zai karanta da kansa, irin su Ka Koyi Karatu, inda jimlolin gajeru ne, yana gama shafi yana jin ya yi wani abin a-zo-a-gani. Na biyu kuwa wanda ya fi ƙarfin idonsa amma bai fi ƙarfin kunnensa ba, ke za ki karanta masa. A nan babu kamar Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, littattafai shida, inda zai haɗu da Gizo da Ƙoƙi da wayon da yakan ƙare a kan mai shi. Ki haɗa masa da ƙissoshin Annabawa waɗanda aka sauƙaƙa don yara. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a daina karanta wa yaro da zarar ya iya haɗa harufa, alhali abin da yake fahimta da kunne ya zarce abin da yake iya karantawa nesa ba kusa ba.

Idan yana karanta miki ya yi tuntuɓe, ki bari ya kai ƙarshen jimlar, sau da yawa shi da kansa zai ji ba ta zauna ba ya koma ya gyara. Ina faɗa miki wannan ne da nadama. Lokacin da yayanki yake shekara takwas na ɗora masa littafin da ya fi ƙarfinsa, na zauna a kansa ina gyara masa kowace kalma, har na ga ya fara ɓoye littafin ƙarƙashin tabarma idan ya ji sallamata. Sai da ya shekara da yawa kafin ya sake ɗaukar littafi don ra'ayin kansa, kuma har yau abin yana damuna.

Babbar kuwa ta isa Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito kashi uku daga 1937. Ki fara mata da na ɗaya, inda aku yake tsare Musa ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Labaran gajeru ne, ana iya gama ɗaya kafin barci, kuma Hausar da za ta tsinta a ciki, da karin magana da iya zance, babu darasin nahawu da zai ba ta. Daga nan sai Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, za ta sha dariyar karon Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Idan hankalinta yana kan taurari, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo zai kai ta sararin samaniya. A Turanci ki ba ta Chike and the River, wanda Chinua Achebe ya rubuta don yara a 1966, labarin yaron da burinsa shi ne ya ƙetare kogin Neja. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa littafi ne mai daraja, amma yana ɗauke da bauta da rabuwar uwa da ɗa, saboda haka ko dai ki jinkirta shi shekara ɗaya ko biyu, ko ku karanta tare kina amsa tambayoyinta.

Akwai giɓin da ban so in ɓoye miki a waɗannan tsofaffin littattafai da nake ƙauna: mata ba su cika zama jaruman labari a cikinsu ba. Ki cike mata wannan da tarihin mata irin Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo, wadda ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tura malamai mata ƙauyuka suna koyar da 'yan'uwansu. Ki ajiye mata littafin taswirar duniya da ƙamus a inda hannunta zai kai. Duk littafin da zai shigo hannunta daga ƙawaye, ki leƙa shi tukuna, domin akwai labaran da aka rubuta don manya, ba kuma laifi ba ne ki ce mata wannan sai nan gaba. Sauran kuwa ki bar ta ta zaɓa, ko da ta koma wa littafi ɗaya sau uku.

Na ware miki Magana Jari Ce ɗina da biyu daga littattafan tatsuniyoyin, bangonsu ya tsufa amma shafukan sun cika, zan aiko miki da su idan na sami mai zuwa. Bayan wata guda ki rubuto mini wanda kowannensu ya ce a sake masa, domin in san abin da zan nema musu a gaba. Ki gaishe mini da maigidanki, ki shafa mini kan yaran. Allah ya yi muku albarka, ya raya su bisa tafarki nagari.

Wassalam,
Mahaifinki.