Rahoton Ayyukan Shekara: Horon Ilimin Teku Da Tabaraun Kwaikwayo

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

A taron bara kun ɗora wa kwamitin horo nauyin gwada tabaraun kwaikwayo, wanda mutum ke sawa ya ga kansa a wani wuri daban, saboda ɗaliban da ba su taɓa hawa jirgin bincike ba. Ga yadda aka kaya.

Mafi yawan lokacinmu ya tafi ne kan saukar da na'urar CTD, mai auna gishiri da zafi da zurfin ruwa. Ɗalibi zai tsinci kansa a gefen jirgi, ga kwalaben Niskin, na ɗibar samfurin ruwa, jere a jikin keken ƙarfe. Shi zai ɗana murafunsu a buɗe, ya yi wa mai sarrafa igiya ishara, ya tsayar da na'urar kusa da saman ruwa har ma'aunai su daidaita, sannan ya sake ta. Sai a hanyar dawowa ake rufe kwalabe. Nan da yawa suka yi tuntuɓe, suka rufe tun ana sauka, alhali kowace mita 10 tana ƙara matsi kwatankwacin na iskar da ke kanmu, kwalbar da ta nutsa a rufe kuwa tana iya lalacewa. A teku wannan kuskure asarar sa'o'i ne. A aji, maɓalli ake dannawa a sake.

Mun kuma gwada fasahar ɗora hoto a kan zahiri ta waya: na'urar Argo, wadda ke yawo a teku ita kaɗai tana auna zafi da gishirin ruwa, tana shawagi bisa tebur, ta nutse mita 2,000, ta taso bayan zagayenta na kwana 10. Ya yi daidai.

Yawon ƙasan teku shi ya fi tara jama'a. Haske na dusashewa wajen mita 200, daga mita 1,000 zuwa ƙasa duhu ne ƙirin, sai ga maɓuɓɓugan ruwan zafi irin waɗanda Alvin, jirgin bincike mai nutso, ya gano kusa da Galapagos a 1977. An sha kallo, amma a ganinmu kallon ya fi karatun yawa.

Matsaloli ma akwai. Wasu jiri ya kwashe su, dole muka gajarta zama. Sannan daɓen aji ba ya tangaɗi, ba sanyi, ba igiya mai santsi a hannu, don haka kwamiti bai amince a lissafa wannan horo a madadin kwanakin teku ba.

Baɗi muna so mu ƙara darasin ɗiban laka daga ƙasan teku. Mambobin da ke da hotunan aiki a jirgi, don Allah su miƙa wa sakatare kafin taro na gaba.