Hita mai bulo 16 a cikinta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya, ina mai amsa laifina na shirun da na yi maka kusan wata biyu. Na ga tambayarka game da dawowata da azumi, kuma zan zo kanta a wata wasiƙar, amma sai ka fara haƙuri ka ji labarin abin da ya hana ni sakat tun shigowar sanyi, domin jiya ne kawai na fara zama a falona ba tare da hula da safa biyu ba.

Ka san mu abin da muke kira hita shi ne ƙarfen nan mai lanƙwasa da muke tsomawa a bokiti a ɗakin kwanan ɗalibai, wanda ya taɓa jan ka har ka rantse ka daina wanka da ruwan zafi, rantsuwar da ba ta kai Juma'a ba. To, a nan Aberdeen hitar ɗaki wata aba ce daban. Gidan da muke haya ba shi da gas, saboda haka da lantarki ake ɗumama shi, kuma irin hitar da ake sakawa a irin waɗannan gidaje akwati ce ta ƙarfe mai faɗi wadda aka cika cikinta da bulo. Da dare wuta tana gasa bulon har zafinsa ya haura digiri 600, sannan da rana ya riƙa sakin ɗumin a hankali. Da aka yi mini bayani sai na tuna yadda Inna take binne garwashi a cikin toka da dare, da asuba ta tone shi ta hura. Dalilin wannan dabara kuɗi ne: tun 1978 akwai wani tsarin biyan kuɗin wuta a Birtaniya da ake kira Economy 7, inda ake rage farashi na awa 7 a cikin dare, daga wajen tsakar dare zuwa safiya, lokacin da jama'a ke barci kuma tashoshin wuta ke da rara.

Wadda muka tarar a falo ƙarama ce, kuma ta mutu. Abin da ya tayar mini da hankali ya faru ne ranar da 'yarka ta dafa ta tana koyon tsayuwa, na ga akwatin ya yi gaba ya dawo. Da na leƙa bayanta sai na tarar babu abin da ya riƙe ta da bango, domin ramukan sukurorin sun zaizaye, su kuma sukurorin suna lilo. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Washegari na kira mai gidan, kuma bayan mako uku na "gobe, jibi" irin wanda na ɗauka na baro a gida, ya yarda zai kawo wata babba da ya cire daga wani gidansa, tare da mai aikin lantarki da zai ɗaura ta.

Mai aikin lantarkin dattijo ne mai ƙarancin magana, kuma da ya ga hawa na uku muke, babu na'urar hawa, sai ya dube ni ya dubi bulon da ke bayan motarsa, na gane cewa na zama lebura. Bulo 16 ne, kowane ya haura kilo 7, baƙi ne mai nauyin da bai dace da girmansa ba saboda tamar ƙarfen da ke cikinsa. Idan aka haɗa da akwatin, nauyin duka ya kusa kilo 150, wato buhun siminti uku. Sawu takwas na yi, biyu-biyu. Na san za ka ce da ma alhakin kayanka da na ƙi ɗauka a tashar Kwangila ne ya kama ni, kuma ba zan musa ba.

Kafin ya taɓa tsohuwar, sai da ya karanta lambar da ke jikinta, domin wasu da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1970 suna da asbestos a ciki, wato wani abu mai zare-zare da ake sawa don tsare zafi, kuma ƙurarsa tana lalata huhu, don haka ba kowa aka yarda ya buɗe su ba. Tamu ta bayan nan ce, sai ya kashe wutar daga babban akwatin makunnai, ya gwada wayar da na'urarsa ya tabbatar babu wuta, sannan ya fara kwancewa.

A nan ne na gane kuskuren fahimtata. Ni a zatona ɗaura hita a bango yana nufin rataye ta, kamar yadda ake rataye talabijin, har ina tunanin wane bango ne zai ɗauki buhun siminti uku. Ashe ƙasa ce ke ɗaukar nauyin, a kan ƙafafu biyu da ake ɗaura wa akwatin, aikin bangon kuwa shi ne ya hana ta kifewa gaba, wanda shi ne ainihin abin da na ji tsoro. Saboda haka ya fi ɓata lokaci a kan daben fiye da komai. Ya taka katakon ƙasan ya ji ko yana lotsawa, ya duba kaurin kafet, kuma ya bayyana mini cewa idan aka ɗaure akwatin da bango tun yana fanko, sannan aka loda bulo, kafet zai lotsa, akwatin ya sauka ƙasa kaɗan, sai nauyin ya koma kan sukurorin ya fizge su. Ina kyautata zaton abin da ya sami tsohuwar ke nan. Shi ya sa ramukan ƙarfen da ke maƙala ta da bango suke da tsawo, kuma bai ƙarasa ɗaure sukurorin tamau ba sai da bulon ya gama zama.

Bangon ma ya zo da tasa matsalar. Daga waje gidajen garin nan na dutse ne mai launin toka, irin wanda har ake yi wa garin laƙabi da shi, amma daga ciki allo ne na filasta da aka buga a kan katakai, da sarari a tsakani. Sukuron da aka sa a allon kaɗai ba ya riƙe komai. Dattijon ya riƙa ƙwanƙwasa bangon yana saurare, ya kuma bi shi da wata 'yar na'ura don kada ya huda waya ko bututun ruwa, har ya gano inda katakan suke, ya yi alama da fensir, ya daidaita layin da ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a ciki, sannan ya huda. Dole ta sa muka matsar da hitar kamar taƙi ɗaya daga inda uwargida take so, kuma aka naɗe labulen da ke saukowa kusa da wurin, abin da har yanzu ba a gama yafe mini ba.

Jera bulon shi ne abin da ya fi burge ni. Ya jera layin baya, ya zura ƙarafan da ke ɗaukar zafi a cikin kwarmin da aka yi musu, sannan ya rufe su da layin gaba, yana lallaɓa allunan da ke tsare zafin kamar ƙwai, saboda suna da saurin farfashewa. Wayar kuwa ba a soket ake sa ta ba. Ƙarfin hitar kilowat 3.4 ne, wato tana jan kusan amfiya 15, alhali filogin nan mai ƙafa uku, iri ɗaya da namu na gida, iyakarsa 13. Don haka tana da layinta na kanta daga akwatin makunnan dare, da makunninta a bango. Wani abin da zai ba ka dariya, kai da ba ka rabuwa da rediyo: shekara da shekaru, siginar da ke umartar mitocin gidaje da yawa su koma farashin dare a cikin zangon BBC Radio 4 ake aiko ta, kuma sai a 2025 aka fara dakatar da tsarin ana canza wa mutane mita.

Daren farko ta yi wari na ƙura da fenti, muka buɗe taga a cikin wannan sanyi, uwargida tana tambayata ko wannan ne ɗumin da na yi mata alkawari. Yanzu warin ya tafi, saura koyon sarrafa ta. Maɓallai biyu gare ta: ɗaya yana ƙayyade yawan zafin da za ta tara da dare, ɗayan yana buɗe wata 'yar ƙofa a ciki don sakin sa. Ma'ana, dole tun daren yau ka yi hasashen sanyin gobe. Shekaranjiya na bar ƙofar a buɗe tun safe, falon ya yi zafi har na cire rigar sanyi, amma kafin magariba, wadda a wannan wata take faɗuwa tun kafin ƙarfe 4, bulon ya huce sarai, muka ci tuwon dare a cikin bargo. An ce mini waɗanda ake sayarwa tun daga 2018 suna da agogo da ma'aunin zafi da ke yi wa mutum wannan lissafi, amma mai gidana bai kai nan ba. Ni da ban taɓa kula da hasashen yanayi ba, yanzu ba na kwanciya sai na duba shi.

An gargaɗe mu kada a shanya komai a kanta, kuma a ranar farko na kama ƙanin uwargida, wanda ya zo hutu daga Glasgow, ya shimfiɗa jiƙaƙƙiyar safarsa a kai. Ka gaya wa yayansa idan kun haɗu a masallaci.

Da safen nan 'yarka ta sake nufar hitar, na riga ta isa, na kama saman akwatin da hannu biyu na jijjiga da ƙarfina, bai motsa ba. Duk da haka na sayi shingen ƙarfe da zan kewaye ta da shi saboda zafin jikinta, kuma tun da dattijon ya tafi da injin hudarsa, ni zan ɗaura shi da kaina ranar Asabar. Ka taya ni da addu'a, ka kuma gaishe mini da Hajiya da yara.

Wassalam,
naka amini.