Zuwa ga ɗana, kan maganar Nima Yushij

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da karatu.

Na karanta waƙoƙin da ka turo, na kuma ga inda ka ce ka daina wahalar da kanka da kari da amsa-amo, tunda Nima Yushij, mawaƙin nan na Iran, ma ya watsar da su. Ɗana, bai watsar ba.

Sunansa na yanka Ali Isfandiyari, ɗan ƙauyen Yush ne a duwatsun Mazandaran, arewacin Iran. Wurin malamin ƙauye ya fara karatu, daga baya aka kai shi wata makarantar Faransawa a Tehran, inda malaminsa Nizam Wafa ya ɗora shi a hanyar waƙa. Da tsohon awo ya soma, wato arulin nan da Farisawa suka karɓo daga Larabawa, wanda mu ma rubutacciyar waƙarmu take hawa. Ko waƙarsa "Afsane" ta 1922, da ake cewa ita ta buɗe ƙofar sabuwar waƙar Farisa, a kan kari take tafiya.

Abin da ya dame shi ɗaya ne. A tsohon tsari dole ɗangaye su zo tsawo ɗaya, sai ka ga magana ta ƙare amma mawaƙi yana ta cusa kalmomi don awo ya cika. Sai ya riƙe ƙafar karin, ya bar ɗango ya tsaya inda magana ta tsaya, wani dogo, wani kalma biyu kacal. Amsa-amo kuma sai inda ma'ana ta nemi rufewa yake kawo shi. Wanda kunnensa bai ƙoshi da aruli ba, ina zai iya wannan?

Ka kuma dubi abin da yake waƙewa. Akwai wadda gonarsa ta bushe, yake tambayar kwaɗon bishiya, wanda mutanen yankinsu ke cewa shi ke busharar ruwa, yaushe ruwan zai sauka. Abin da idonsa ya gani ke nan tun yana yaro. A naka kuwa dusar ƙanƙara na tarar, alhali da hazon hunturu ka tashi.

Ya sha ba'a shekara da shekaru kafin ya rasu a 1960, amma mawaƙan Iran irin su Ahmad Shamlu da Furug Farrukhzad ta hanyar da ya share suka bi.

Don Allah ka nemi malamin aruli a nan makarantarku. Ka yi mini baiti goma a kan tsohon awo, ka turo kafin hutu. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka