Musulmin Italiya da rashin murya ɗaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi tsokaci kan Italiya. Ƙasar ta dunƙule a 1861, amma sai 1870 sojojinta suka fasa ganuwar Rum, Fafaroma ya kulle kansa a Batikan. Shekara 59 ana gaba kafin yarjejeniyar Lateran ta 1929, tsakanin gwamnatin Italiya da Fafaroma, ta kashe wutar.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne halin Musulmi. Yahudawa da mabiya Buddha da Hindu duk sun ƙulla yarjejeniya da gwamnati, suna samun kaso daga haraji. Mu kuwa, ga katafaren masallaci a Rum tun 1995, amma ƙungiyoyinmu sun kasa haɗa baki, gwamnati kuma ta fake da hakan, ba ta ƙulla irin wannan yarjejeniya da mu ba.

Naka,
Mai karatu daga Kano