Masu aikin kwamfuta a karkara ma su riƙa rubutu a mujallun ƙwararru

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili domin in tunatar da matasanmu masu aikin kwamfuta a ƙauyukan Jigawa cewa mujallun ƙwararru, irin su Communications of the ACM da ake bugawa tun 1958, ba na farfesoshi ba ne kaɗai. Wanda ya haɗa intanet da wutar sola a asibitin ƙauye yana da abin faɗa, muddin ya bayyana matsalar, da hanyar da ya bi, da sakamakon da ya auna. Masana ne za su tace rubutun kafin a karɓa, kuma sau da yawa sukan dawo da shi a yi gyara, wanda ba abin kunya ba ne. Amma a guji mujallun da ke karɓar kuɗi su buga cikin mako guda ba tare da tacewa ba.

Wassalam,
Wani malamin kwamfuta daga Gwaram