Wasiƙa daga Garwa: mu ma a ba mu hanyar rubuta namu

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da dukkan abokan aikinka. Ni tela ne a unguwar Yelwa cikin Garwa, a ƙasar Kamaru, kuma a waya nake karanta jaridarku bayan sallar isha'i, idan na rufe keke.

Duk damina, da zarar an ce za a saki ruwan madatsar Lagdo, sai labari ya cika ko'ina da Hausa, amma daga Yola, Makurɗi da Lakwaja. Madatsar nan da aka gama a 1982 tana gefenmu, tafiyar kilomita kamar 50 daga Garwa, kuma ambaliyar 2012 ta cinye gonakin mutanenmu mu ma. Ban taɓa karanta wannan da alƙalamin ɗan Kamaru ba. Abin ya daɗe yana cina, shi ya sa bara na yi rajista a wani dandalin intanet da ke karɓar maƙalu daga kowa.

Rajistar ba wuya. Ƙanena ya buɗe mini imel, na rubuta layi uku a kan ko ni wane ne, na karanta sharuɗɗa: kada ka kwafi rubutun wani, hoto ya zama naka, kowace magana ka faɗi inda ka samo ta. Na je bakin kogin Binuwai na zauna da masunta biyu har la'asar, na ɗauki hoton jiragensu na kwalekwale da raga a shanye. Dare huɗu ina dannawa da babban yatsa.

Bayan mako guda aka dawo mini da maƙalar, kusan kowane layi da gyara. Ba labarin aka ƙi ba, rubutun ne. Mu nan makarantar Faransanci muka yi, don haka hannunmu ya saba da "kassouwa" maimakon kasuwa, "tchiniki" maimakon ciniki, "chekara" maimakon shekara. Haruffa masu lanƙwasa kuwa ban san ana rubuta su ba sam. Na so in ce ruwa ya kai wa wani dattijo ƙafa, sai na rubuta "kafa". Editar, wata baiwar Allah mai haƙuri, ta ja layi a ƙarƙashi ta tambaye ni me aka kafa. Ita ce ta nuna mini in sa Hausa a Gboard, wato allon haruffa na waya, in danne k ko d ko b har mai ƙugiya ta fito. Sau uku maƙalar tana zuwa tana dawowa kafin ta fita. Ranar da ta fita na kai wa masuntan nan wayata, na karanta musu a bakin ruwa, ɗayansu ya ce in maimaita wurin da aka ambaci raga.

Ko dala ban samu ba, kuma ina gaya wa matasa haka tun farko, don kada wani ya sayi data na jaka biyu yana jiran a biya shi gobe.

Roƙona biyu ne, ranka ya daɗe. Ku ware ɗan fili kowane mako kan ƙa'idojin rubutun Hausa, musamman don irinmu da muka taso da Faransanci a Garwa, Marwa, Ngaundere da Njamena. Sannan idan maƙalarmu ta iso da "ou" da "tch", a gyara a mayar mana, kada a jefar. Yanzu haka akwai yara uku a shagona da ke son rubuta labarin manoman auduga, sun cika littafi guda da biro, suna jin kunyar aikawa.

Naka mai karatu,
Wani tela daga Yelwa, Garwa